Wata Shida Bayan Kwanciya Asibiti: Abin da Ya Sami Masu Gazawar Zuciya 1,006 a Ƙasashen Afirka Tara

Daga ranar 1 ga Yuli 2007 zuwa ranar 30 ga Yuni 2010, likitocin zuciya a asibitocin koyarwa 12 da ke ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara sun riƙa rubuta bayanan marasa lafiyar da aka kwantar saboda gazawar zuciya mai tasowa gadan-gadan, sannan suka bi sawunsu har kwana 180 domin su ga wanda ya rayu, da wanda ya sake komawa gadon asibiti, da wanda rai ya yi wa halinsa. Ƙasashen su ne Najeriya da Kamaru da Sudan da Senegal da Habasha da Kenya da Yuganda da Mozambik da Afirka ta Kudu. Aikin, wanda aka sani da THESUS-HF, an wallafa shi a 2012 ƙarƙashin jagorancin Albertino Damasceno na Maputo, tare da Karen Sliwa da marigayi Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu. Daga Najeriya akwai Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Dike Ojji na Abuja, da Okechukwu Ogah wanda ya yi aikin a Abeokuta. Mutum 1,006 ne suka shiga rajistar, kuma kafin wannan lokaci babu wani aiki mai wannan faɗi da aka taɓa yi a kan wannan ciwo a yankin.

Adadi biyu ne ƙashin bayan sakamakon, kuma sai an karanta su tare ake gane inda gizo ke saƙar. Waɗanda suka rasu a kan gado kafin a kai ga sallama kashi 4.2 cikin 100 ne, kuma rabin marasa lafiyar ba su wuce kwana 7 a kwance ba. Da aka kai kwana 180 kuwa, an ƙiyasta cewa kashi 17.8 cikin 100 sun riga mu gidan gaskiya. Idan aka sauƙaƙa lissafin, a cikin kowane mutum 100 da aka ba gado, wajen 4 ne suka rasu a asibiti, wajen 14 kuma sun rasu ne bayan an sallame su, sun koma gida da ƙafarsu, 'yan uwa da maƙwabta sun gama zuwa barka da arziki. Ke nan kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen sun auku ne a lokacin da iyali suka ɗauka cewa an tsallake siraɗi.

Yadda ciwon yake zuwa

A gida ba a cika cewa gazawar zuciya ba. An fi cewa zuciyar wane ta kumbura, ko kuma a bar shi a ciwon zuciya kawai. Abin da ke faruwa shi ne tsokar zuciya ta yi rauni ko ta sandare, har ta kasa tura jinin da jiki ke buƙata, sai jinin ya riƙa taruwa a bayanta kamar ruwan da aka toshe wa hanya. Daga nan ruwa ke tsatstsafowa cikin huhu da ƙafafu da ciki. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ne ya bushe, ta shiga riƙe gishiri da ruwa, ta haka ta ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji wani sabon kaya. Wannan zagaye na iya tafiya a hankali tsawon watanni, har ranar da wani abu zai tunzura shi, kamar zazzaɓi, ko ciwon haƙarƙari, ko yanke shan magani, ko rikicewar bugun zuciya, sai mutum ya wayi gari numfashi ya gagare shi.

Siffar da ake kawo irin wannan maras lafiya ba ta cika bambanta ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa ya san ta. Magidanci ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda aka taɓa gaya wa yana da hawan jini, ya sha magani wata biyu ya ajiye da ya ji ciwon kai ya lafa. Kwanakin nan takalminsa ya daina shiga, yana tsayawa hutu sau biyu kafin ya isa masallacin unguwa, kuma ya yi mako guda yana kwana a zaune, ya jingina da bango, domin da zarar ya miƙe a shimfiɗa sai ya ji kamar an danne masa ƙirji. Likita zai danna babban yatsa a ƙwaurinsa, ya ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba. Zai dubi jijiyar wuya ya ga ta cika ta miƙe har kusa da kunne, ya kuma saurari bayan ƙirji ya ji wani ƙaramin ƙara kamar ana murza gashi a kusa da kunne, wanda shi ne alamar ruwa a huhu. Sai a sa masa iskar oksijin, a yi masa allurar Lasix, wato maganin fitsari mai fitar da ruwa daga jiki, cikin 'yan awoyi ya fara cika robar fitsari. Bayan kwana uku ya kwanta ya yi barci, bayan mako guda ƙafafunsa sun saɓe.

A ranar sallama ne ake yin wata gajeriyar magana da ake yawan maimaitawa a ɗakunan jinya. Babban ɗan, wanda ya yi kwanaki yana zirga-zirga tsakanin wurin biyan kuɗi da ɗakin magani, yakan ce, "Likita, mun gode, Baba ai ya samu lafiya, kumburin duk ya tafi." Likitan da ya san abin da ke gaba yakan amsa, "Malam, ruwan muka cire, ciwon yana nan. Maganin nan ba a ajiye shi ko da Baba ya ji garau." Ɗan zai ce to, kuma da gaskiyarsa yake faɗa, amma abin da idonsa ya gani ya fi abin da kunnensa ya ji ƙarfi: ya kawo mahaifinsa a rungume, ga shi yanzu yana tafiya da kansa.

Su wane ne mutanen 1,006

Abu na farko da ya ja hankalin masana shi ne ƙarancin shekaru. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52.3 ne, alhali a manyan rajistocin Amurka da Turai ana samun shekara 70 ko fiye. Tazarar ta kai kusan shekara ashirin, kuma ma'anarta ita ce ciwon yana kama mutum yana tsakiyar ciyar da gida, yara ba su gama makaranta ba. Mata sun kai kashi 50.8 cikin 100, wato kusan kunnen doki ne tsakaninsu da maza.

Musabbabin ciwon ma ya sha bamban da na ƙasashen Yamma. Hawan jini ne a kan gaba da kashi 45.4 cikin 100. Lalacewar ƙofofin zuciya, wadda ke samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa maganin fenisilin ba, ta ɗauki kashi 14.3. Toshewar jijiyoyin da ke shayar da zuciya, wadda ita ce babbar masifa a Turai da Amurka, kashi 7.7 kacal ta samu. Sauran sun haɗa da buɗewar zuciya da rauninta ba tare da an gano dalili ba, da taruwar ruwa a jakar da ke lulluɓe da zuciya, wadda a Afirka tarin fuka ne ke yawan jawo ta, da kuma raunin zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Hoton zuciya ya nuna cewa, a matsakaici, kashi 39.5 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakin hagu ne ake turawa a kowane bugu, alhali lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabi. Ban da ciwon zuciyar, kashi 18.3 suna da rikicewar bugun ɗakunan sama na zuciya, kashi 15.2 suna da ƙarancin jini mai yawa, kashi 11.4 suna da ciwon sukari, kashi 7.7 kuma ƙodarsu ta yi rauni sosai.

Raunin zuciya na masu jego ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a duniya babu inda aka san ya yi yawa kamar arewa maso yammacin Najeriya. Tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana shi a Zariya, suka kuma danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da shan kunun kanwa. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya samu kusan mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 100. Amma rajistar ƙasa baki ɗaya da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wadda sakamakonta ya fito a 2020, ba ta ga alaƙa tsakanin al'adun jego da kamuwa da ciwon ba. Abin da ta gani shi ne rashin karatun boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jinin masu ciki mai zuwa da furotin a fitsari. Wannan bai wanke kanwa ga wadda ta riga ta kamu ba, saboda kanwa dangin gishiri ce, kuma duk abin da zai sa jiki ya riƙe ruwa abokin gaba ne ga zuciyar da ta raunana.

Alamomin da suka bambanta mai rayuwa da mai rasuwa

A 2013 Karen Sliwa da abokan aikinta suka koma kan bayanan mutanen nan domin su gano abubuwan da, tun ranar kwanciya, suke nuna wanda ya fi shiga haɗari. Game da rasuwa cikin kwana 180, abubuwan da suka fito su ne ciwon daji, da ciwon huhu mai tsanani, da tarihin shan taba, da awon jini na sama, da saurin bugun zuciya, da alamun cikar ruwa, wato kasa kwanciya da kumburin ƙafa da ƙarar ruwa a huhu, sannan raunin ƙoda, da ƙarancin jini, da kasancewar mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Game da rasuwa ko sake kwanciya cikin kwana 60 kuwa, mafi yawan waɗannan sun sake bayyana, tare da ƙarfin turawar zuciya da aka auna a hoto. Abin lura a nan shi ne kusan duk jerin ana iya samun sa da tambaya, da hannu, da abin sauraron ƙirji, da na'urar awon jini, da gwajin jini uku da ake yi a kowane babban asibitin jiha. Ba a buƙatar wata na'ura ta miliyoyin naira kafin a san wanda ya kamata a sa wa ido.

Batun awon jini ne ya fi rikita 'yan uwa, har ma da wasu ƙananan ma'aikatan lafiya. Mutumin da hawan jini ya lalata wa zuciya, idan aka kawo shi awonsa yana sama, hankali yakan tashi, idan kuma aka ga awon ya sauka ƙasa sai a yi hamdala. A wannan hali lissafin a juye yake. Awo mai yawa a ranar kwanciya yana nuna cewa har yanzu tsokar tana da sauran ƙarfin turawa, kuma likita yana da filin da zai ba da magungunan da ke sassauta jijiyoyi. Wanda ya shekara goma da hawan jini, yau kuma awonsa na sama ya faɗo ƙasa da 100 ba tare da ya sha komai ba, ba warkewa ya yi ba. Famfon ne ya gaji har ya kasa ɗaga matsin. Irin wannan ne ya fi shiga haɗari, kuma shi ne wanda ya fi wuyar ba magani, domin yawancin magungunan da ke tsawaita rai suna ƙara saukar da awon. Saurin bugu ma haka yake: zuciyar da ke tura kaɗan a kowane bugu tana ƙoƙarin cike giɓin da yawan bugawa, kuma wannan gudun yana cinye ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ƙoda ita ce abokiyar tafiyar zuciya a wannan ciwo, kuma idan ɗaya ta durƙusa takan ja ɗayar. Hauhawar sinadarin yuriya a jini yana nuna abu biyu a lokaci guda, wato jinin da ke isa ƙoda ya yi kaɗan, kuma jiki ya tayar da dukkan hanyoyinsa na riƙe ruwa. A wurin mai hawan jini sau da yawa ƙodar ta riga ta ji jiki tun kafin zuciyar ta nuna alama, domin matsin da ya kaurara tsokar zuciya shi ne ya ƙona ƙananan jijiyoyin ƙoda. Matsalar a aikace ita ce mai raunin ƙoda ba ya amsa maganin fitsari yadda ya kamata, kuma magungunan zuciya irin su lisinofiril da sifironolakton suna iya tara masa sinadarin fotashiyam har ya kai matakin da zai tsayar da zuciya, saboda haka likita yakan ja baya daga ba shi cikakken kaso.

Ƙarancin jini kuwa yana tilasta wa zuciya ta ƙara aiki domin isar da iskar da ta ishi gaɓoɓi da jini mara kauri. A ƙasashenmu hanyoyin samun sa suna da yawa: abinci mara sinadarin ƙarfe, da haihuwa kusa da kusa, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da kuma raunin ƙodar kanta. Ciwon huhu mai tsanani yana ɗora nauyi a kan ɓangaren dama na zuciya, kuma a nan ba taba kaɗai ake zargi ba, akwai tabon tsohon tarin fuka da hayaƙin itace da mata ke shaƙa shekara da shekaru a madafa. Daji da ƙanjamau ba su buƙatar dogon bayani.

Alamun cikar ruwa su ne ɓangaren jerin da asibiti ya fi iya sauyawa, kuma a ganina a nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Bincike a wurare da dama ya nuna cewa wanda aka sallama da sauran ruwa a jikinsa ya fi saurin dawowa, ya kuma fi saurin rasuwa. Amma matsin sallama yana zuwa ta kowace fuska: ana jiran gadon, kuɗin mai jinya ya ƙare, maras lafiyar da kansa ya ƙosa ya koma kasuwa tunda numfashi ya dawo. Numfashi kuwa yakan daidaita tun kafin ruwan ya gama fita, ta yadda mutum zai iya jin daɗin jikinsa alhali yana ɗauke da lita biyu ko uku da suka rage.

Takardar magani da rayuwar gida

Rajistar ta duba abin da aka rubuta wa mutanen a ranar sallama. Mafi yawansu sun samu magungunan rukunin lisinofiril da danginsa, amma mafi yawa ba a ba su magungunan rage gudun zuciya ba, irin su kabedilol da bisofurolol, duk da cewa manyan gwaje-gwajen da aka wallafa tsakanin 1999 da 2001 sun nuna suna rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu raunin turawa. Dalilin wannan ba jahilci ba ne gaba ɗaya. An daɗe ana koyar da likitoci cewa kada a fara wannan magani ga wanda ruwa bai gama fita daga huhunsa ba, a bari sai ya dawo ganin likita. Sai dai ranar dawowar takan kasance bayan wata guda ko fiye, wani ba zai dawo ba, wanda ya dawo kuma yakan tarar da layi mai tsawo da likitan da bai taɓa ganinsa ba, sai a sabunta masa takardar da ya zo da ita yadda take. Ta haka ne ƙaramin kason da aka fara da shi don gwaji yake zama kason shekara uku.

An kuma lura cewa da wuya ake ba da haɗin haidiralazin da naitiret, magungunan da ke sassauta jijiyoyi, alhali wani gwaji da aka yi wa baƙar fatan Amurka 1,050, wanda ya fito a 2004, ya nuna haɗin ya rage mace-mace da kashi 43 cikin 100. Masu rajistar sun shirya nasu gwajin na wannan haɗi a Afirka, amma bai samu isassun mutane ba, aka tsayar da shi kafin ya kai adadin da aka tsara.

Abin da ke faruwa bayan an shiga gida rajista ba ta iya kama shi duka, amma sananne ne ga duk mai bibiyar irin waɗannan marasa lafiya. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya daga aljihun mutane yake fita, saboda haka idan takarda ta ƙunshi magani biyar kuma kuɗin hannu na biyu ne, mai kemis da mai saye ne za su yanke shawarar wanda za a bari, kuma yawanci wanda ake jin aikinsa nan take ne ke tsira, wato maganin fitsari, a bar waɗanda ke tsawaita rai a ɓoye. Shi kansa maganin fitsarin yana da ranakun hutu da likita bai rubuta ba. Dattijo ba zai sha ba ranar Juma'a don kada alwala ta gagare shi riƙewa, ɗan kasuwa ba zai sha ba ranar da zai shiga motar haya ta awa huɗu. Tukunyar gida ɗaya ce, da gishirinta da dunƙulenta, kuma ba kowace uwargida ce za ta iya ware miyar mutum ɗaya kullum ba. Idan gwiwa ko baya ya yi ciwo, sai a aika yaro ya sayo dikulofenak ko aibufurofen, waɗanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri, su kuma rage ƙarfin maganin fitsari. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce mutum ya hau ma'auni kowace safiya, idan ya ga ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ya nemi asibiti tun kafin haki ya fara. Gidajen da ke da ma'aunin nauyi ba su da yawa, amma matsewar zobe ko takalmi ko ƙarin matashin kai da dare suna iya tsayawa a madadinsa idan an koya wa iyali su lura.

Ya kamata a karanta alƙaluman rajistar da sanin inda aka samo su. Dukkan cibiyoyin asibitocin koyarwa ne na manyan birane, kuma sai an tabbatar da ciwon da hoton zuciya kafin a rubuta mutum. Wanda ya cika a hanya, ko a daren da aka kawo shi, ko wanda bai taɓa wuce asibitin ƙaramar hukuma ba, ba ya cikin lissafin, don haka ya fi dacewa a ɗauki kashi 17.8 a matsayin ƙasan abin da ke faruwa. Wani bincike mai suna INTER-CHF, wanda ya bi mutum 5,823 a ƙasashe 16 ya kuma fito a 2017, ya ƙarfafa wannan zato: mace-mace cikin shekara guda sun kai kashi 34 cikin 100 a Afirka, 23 a Indiya, 15 a kudu maso gabashin Asiya, 9 a Kudancin Amurka, 9 a Gabas ta Tsakiya, 7 a Sin, duk da cewa marasa lafiyar Afirka suna cikin mafiya ƙarancin shekaru.

Gwajin da ya taɓa makonnin farko

Tambayar da rajistar ta bari ita ce ko za a iya rage asarar da ake yi bayan sallama da magungunan da suke hannu. Amsa mafi ƙarfi ta zo a 2022 daga gwajin STRONG-HF, wanda Alexandre Mebazaa na Faransa ya jagoranta a asibitoci 87 na ƙasashe 14, ciki har da Najeriya da Mozambik da Afirka ta Kudu da Tunisiya. An raba mutum 1,078 gida biyu. Rukuni ɗaya ya samu kulawar da aka saba. Ɗaya rukunin kuma an ɗaga masa manyan magunguna uku, wato rukunin lisinofiril da maganin rage gudun zuciya da rukunin sifironolakton, zuwa rabin cikakken kaso tun kafin ya bar asibiti, aka nufi cikakken kaso cikin mako biyu, aka kuma duba shi a mako na 1 da na 2 da na 3 da na 6, kowane zuwa ana auna jini da bugu, ana duba alamun ruwa, ana gwada ƙoda da fotashiyam da wani sinadari da zuciya ke fitarwa idan ta takura. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin tsarin.

Zuwa kwana 90, kashi 49 cikin 100 na rukunin da aka matsa wa sun kai cikakken kason maganin rage gudun zuciya, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4 ne. A rukunin lisinofiril da danginsa, kashi 55 ne da kashi 2. Zuwa kwana 180, rasuwa ko sake kwanciya saboda zuciya ta sami kashi 15.2 a rukunin farko, da kashi 23.3 a na biyu, wato a cikin kowane mutum 12 da aka yi wa wannan kulawa an kare ɗaya. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Ƙananan illoli, irin su saukar awon jini da hauhawar fotashiyam, sun fi yawa a rukunin da aka matsa wa, amma manyan illoli ba su bambanta ba. Mafi yawan ribar daga raguwar sake kwanciya ta fito. Idan aka ware rasuwa ita kaɗai, tazarar ba ta kai yadda za a yanke hukunci da ita ba.

Zuwa asibiti sau huɗu cikin mako shida abu ne mai sauƙin rubutawa. Ga mutumin da ke zaune a ƙauye mai nisan kilomita 80 daga asibitin da aka kwantar da shi, ma'anarsa kuɗin mota sau huɗu na mutum biyu, da kuɗin gwaji sau huɗu, da yini huɗu da ɗansa zai rufe shago, duk a watan da jinya ta riga ta cinye jari. Awon jini da bugu da nauyi da duba ƙafa aiki ne da ma'aikacin jinya a asibitin kusa da gida zai iya yi ya kuma sanar da likita ta waya, amma gwajin ƙoda da fotashiyam ba a tsallake shi, domin shi ne ke hana maganin zama guba.

Akwai kuma sharaɗin shiga gwajin, wanda ya kamata a ajiye shi kusa da jerin da Sliwa ta fitar a 2013. Ba a karɓi mutum a STRONG-HF ba sai awon jininsa na sama ya kai 100, bugun zuciyarsa bai gaza 55 a minti ba, fotashiyam ɗinsa bai haura 5.0 ba, ƙarfin tacewar ƙodarsa kuma ya kai 30. Mai saukakken awo da mai raunin ƙoda, waɗanda rajistar Afirka ta nuna suna cikin mafiya haɗari, su ne aka bari a waje. Mutum 73 na rajistar da tacewar ƙodarsu ta gaza 30, wato kashi 7.7 ɗin nan na waɗanda aka gwada ƙodarsu, ko ɗaya daga cikinsu ba zai cika sharaɗin ba.